Tukunyar Miya A Sabon Badun

Birnin Badun, hedkwatar Jihar Oyo, gari ne da ya bazu a kan tuddai. In ka hau ɗaya daga cikinsu ka duba, ba abin da za ka hanga sai kwanon rufi da ya sha ruwa ya yi ja, har iyakar ganinka. Mutanen garin suna alfahari da abubuwa da yawa, kuma suna da gaskiya. A garinsu aka kafa jami'ar farko ta ƙasar nan a 1948, da gidan talabijin na farko a 1959, ga kuma dogon benen nan Cocoa House da aka gina da kuɗin koko, aka buɗe a 1965. Amma Bahaushen da ya sauko daga mota bayan ya kwana a hanya ba ɗayan waɗannan yake tambaya ba. Abin da yakan ce wa ɗan acaɓa shi ne a kai shi Sabo.

Unguwar Sabo tana dab da Mokola, ba nisa da filin wasa na Adamasingba. Da ka karya kwana ka shiga, sai ka ji kamar an ɗauko wani yanki na Fagge an dasa shi a tsakiyar Kurmi. Ga 'yan canji a bakin titi suna yafato masu motoci, ga mahauta suna jera tsire a gefen wuta, ga masu shayi, ga teloli da masu ɗinkin hula, ga kiran salla daga kowace kusurwa. Yawancin mutanen Badun abu biyu suka san Sabo da shi, canjin kuɗi da tsire. To, ni ba kan waɗannan zan yi magana ba, domin duk wanda ya bi titin ya gan su. Abin da ba a gani daga titi shi ne tukunyar miya da ke bayan katanga, alhali kuwa in aka bi tarihin unguwar za a tarar ta ba da gudummawar da ba ta gaza ta kowane attajiri ba.

A 1916 aka kafa Sabo. Kafin wannan shekara Hausawa suna zaune ne a warwatse cikin tsohon gari, a gidajen Yarbawa masu masaukinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai baƙi suka yawaita, ƙorafi a kansu ya yawaita, har Turawan mulki da sarakunan gari, ƙarƙashin Bale kamar yadda ake kiran Sarkin Badun a wancan zamani, suka yanke shawarar a keɓe musu wuri guda a bayan gari, a naɗa musu sarkinsu. Sunan ma daga Sabon Gari aka gutsuro shi. Abin dubawa a nan shi ne, a Kano da Zariya mutanen Kudu aka keɓe wa Sabon Gari, a Badun kuwa mu ne 'yan Sabon Garin. Yau bayan garin nan ya zama tsakiyar gari.

Sana'a biyu suka riƙe unguwar, shanu da goro. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura daga dazuzzukan ƙasar Yarbawa. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna yana nazarin Sabo a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. A ƙidayarsa mutanen unguwar dubu huɗu ne da 'yan kai, shanun da ake sayarwa a kasuwar Badun kuwa sun kai kimanin 75,000 a shekara. Ya bayyana yadda cinikin yake tafiya, kuma duk wanda ya taɓa zama a kara zai gane bayanin. Falke ya taso da garkensa daga Arewa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, shanunsa kuma ba za su daɗe a Kurmi ba saboda cizon tsando da sammore, tilas ya sayar da wuri, kuma bashi mahautan gari suke ɗauka. Wa zai tsaya masa? Maigida. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya lamunce masa bashin da ke kan mahauci, ya kuma ciyar da shi har ran da zai koma.

A kan wannan ciyarwa nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Mutumin da ya yi makonni a hanya, ya iso ƙasar da ba a san tuwon dawa ba, ya ga ana cin abin da bai san sunansa ba, in aka ajiye masa akushi da magariba ya buɗe ya ga miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, ai hankalinsa ya kwanta, ya san ya faɗo hannun nasa. Baɗi in ya dawo gidan zai nufa, ya kuma jawo ɗan'uwansa. Maigidan da tukunyar gidansa ta lalace kuwa, baƙinsa sukan zare jiki ɗaya bayan ɗaya su koma gidan maƙwabci, ba tare da an yi faɗa ba. Watau ke nan matan da ke cikin kulle, waɗanda falken bai taɓa ganin fuskarsu ba, suna cikin masu riƙe da cinikin dubban shanu. Ban da ciyar da baƙi, su ne kuma suke dafa abincin sayarwa, 'yan mata su fita da shi talla ga gwagware da 'yan ga-ruwa da 'yan dako da suka cika unguwar. Wannan ɓangare bai mutu ba har yau, ko da yake kara ta daɗe da barin kusa da Sabo.

Mai masaukina haifaffen unguwar ne, kakansa ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. Da ya ji abin da nake bincike, sai ya yi dariya ya ce ba shi zan tambaya ba, ya kai ni wajen gwaggonsa, wata dattijuwa da ta shekara fiye da talatin tana tuwon sayarwa a wata rumfa a lungun bayan masallaci. Na gaishe ta, na ce, “Hajiya, sirrin miyar nan taki na zo a faɗa mini.” Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, miya ba ta da sirri. Romo ne. In romonka ya yi, ko ganyen bayan gida ka zuba za a sha. In bai yi ba, ko kasuwar Bodija ka juye a ciki ruwa ka dafa.” Ta ce in dawo da asuba in gani da idona.

Abin da na gani ba shi da wuyar faɗi, wuyarsa haƙuri. Ba tsoka take saye don romo ba. Ƙashi take saye, na gwiwa da na bargo, mahauci ya fasa mata shi da gatari, ta haɗa da wutsiyar sa ko ƙafa in ta samu da araha, da ɗan kayan ciki. Ta wanke, ta zuba a tukunya da ruwan sanyi, ba tafasasshe ba, ruwan ya sha kan ƙashin da kamar faɗin yatsa uku. Da ya fara zafi sai wata kumfa mai toka-toka ta taso, ta sa ludayi ta yi ta kwashewa tana zubarwa har ta daina tasowa. Sai bayan nan ta jefa albasa, da dakakkiyar citta da kanumfari da masoro da 'yar kimba. Daga nan ta janye itace biyu daga murhu, ta bar tukunyar tana tafasa a hankali, ƙwaya ɗaya ɗaya, har wajen awa uku. Gishiri kaɗan take sawa da fari, domin ruwan zai ƙone ya ragu, wanda ya cika hannu tun farko zai tarar da miyarsa ta yi zartsi a ƙarshe.

Kowane mataki a nan yana da dalilinsa, ko da mai yin ba ta karanta shi a littafi ba. Kumfar nan jini ne da sauran abin da ke fita daga nama in ya ji zafi, in aka bar ta sai ta farfashe ta koma cikin ruwan, romo ya yi duhu ya yi ƙarni. Wuta mai ƙarfi kuwa tana dama kitse da ruwa su zama ɗaya, a sami romo mai gurɓi da nauyi a harshe. Amfanin daɗewa a kan wuta shi ne jijiya da guringuntsin da ke jikin gaɓoɓi su narke su shiga ruwan. Su ne suke ba romo wannan danƙo da mutum ke ji a leɓensa bayan ya kurɓa. Ga yadda ake gane na kirki: a ɗebi kaɗan a kwano a bar shi ya huce sarai. In ya kama jikinsa yana rawa in an girgiza, ya yi. In ya zauna tsululu kamar ruwan randa, an yi wa ƙashin gaggawa. Masu dafa abinci a manyan otal na Faransa, da ake zuwa makaranta a koyi aikinsu, wannan ƙa'ida suke bi, ba su ƙara kome a kai ba sai farar hula.

Ba banza ba Bahaushe ya kira maganar da ba ta da amfani romon baka, 'yan siyasa kuma suka ƙago mana romon dimokuraɗiyya. Kowa ya san a nan daɗin yake.

Bayan romo sai daddawa, kuma a nan ne Hajiya ta ɗan ɗaga murya. Daddawa daga kalwa ake yin ta, watau ƙwayar 'ya'yan ɗorawa. A dafa kalwa wuni guda ko fiye har ta yi laushi, a surfa a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a zuba a kwando ko masaki a lulluɓe da ganye a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ta ruɓa ruɓar da ake so, sa'an nan a kirɓa a mulmula a shanya. Yarbawa ma suna da ita, iru suke ce mata, sai dai su yawanci ɗanya suke amfani da ita, ƙwayarta a warware, ba sa busar da ita ta yi baƙi kamar tamu. Hajiya ta ce in tata ta yanke takan sayi iru ta yi maleji, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne, kuma tsofaffin masu cin tuwonta sukan gane tun a loma ta farko. Abin da ke damunta shi ne 'yan matan yanzu, har da jikokinta, sun ce daddawa tana da wari, tana kama hannu da tufafi. Sai su tafasa ruwa, su murmushe ɗunƙule huɗu ko biyar a ciki, su ce sun yi romo.

Kada a yi wa ɗunƙule rashin adalci. Ya sauƙaƙa wa talaka, wanda ba shi da kuɗin ƙashi ba shi da kuɗin itacen awa uku, kuma Hajiya da kanta takan jefa ɗaya ko biyu a ƙarshe. A 1908 kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da shi a matsayin romon nama na gaggawa. A wannan shekara kuma wani masanin kimiyya na Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke sa romon ciyawar teku na ƙasarsu daɗi, watau gulutamet, wanda daga gare shi aka sami abin da matanmu suke kira farin magi. To, wannan sinadari shi ne dai yake fitowa a cikin kalwa sa'ad da take ruɓa. Kakanninmu sun riga masana'anta sanin wannan ɗanɗano da ɗaruruwan shekaru. Bambancin shi ne daddawa abinci ce mai gina jiki, tana da maiƙo da amfanin wake, ɗunƙule kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. A ganina wanda ya sa shi don ya taimaki romo bai yi laifi ba. Wanda ya sa shi a madadin romo shi ne ya cuci kansa, musamman a zamanin nan da hawan jini ya zama ruwan dare.

Ranar da na je miyar taushe ce a babbar tukunya. Ta fere kabewa ta yanka manya-manya ta zuba cikin romon, ta bar ta ta dahu har ludayi yana ratsa ta, ta farfasa ta a ciki. Ta kawo jajjagen tattasai da attarugu da albasa da tumatir ta zuba, da daddawa, da ɗan manja. Da ɗanyen ƙamshin tumatir ya tafi, ta dama niƙaƙƙiyar gyaɗa ta zuba, miya ta yi kauri. Ganye shi ne na ƙarshe, yakuwa ta riga alayyahu shiga domin ta fi shi jimirin wuta, shi kuwa alayyahu minti biyar ya ishe shi, kuma ba ta rufe tukunyar ba bayan ta zuba shi. Ta ce ganyen da aka rufe a wuta fushi yake yi ya yi baƙi. Gaskiya ne, tsamin da ya kamata ya fita da tururi shi ne murfi yake mayarwa ciki, ya kashe koren. Kanwa kuwa, wadda ake sawa don ta kashe tsamin yakuwa ko ta ƙara wa kuɓewa yauƙi, da ƙyar ta sa abin da ya kai ƙwayar gero biyu. Kanwa tana riƙe launin ganye, amma in ta yi yawa sai ta narkar da shi ya zama kamar dusa, ta kuma kashe amfaninsa a jiki.

Miyar kuka ba ta ɗauki wannan hidima ba. A tsame naman a ajiye gefe, a rage wuta, a riƙa barbaɗa kukar da hannun hagu ana kaɗawa da maburgi da na dama don kada ta yi gudaji. Shi ke nan. Amma don sauƙinta ita ce ta fi tona asirin mai girki, domin ba kabewa ba gyaɗa da za su rufe wa romo aibinsa.

Shekara ɗari da 'yan kai ana maƙwabtaka ba ta wuce a banza ba, kuma a kayan miya aka fi ganin alamarta. Bayarbe yana ce wa albasa alubosa, yana ce wa tattasai tatase, daga bakinmu ya ji su. Mu kuma attarugun da muke taƙama da shi, ata rodo ne na Yarbawa harshenmu ya lanƙwasa, haka agushi, haka teba. Ewedu da mutanen Badun ba sa wuni ba su sha ba, lalo ne, sai dai su da 'yar tsintsiya suke kaɗa shi, mu da maburgi. In aka tono asali ma, tumatir da barkono da gyaɗa ba namu ba ne ba nasu ba, daga nahiyar Amurka jiragen Turawa suka yaɗa su cikin duniya bayan 1492. Kuka da yakuwa da kuɓewa da ɗorawa su ne 'yan gida.

Inda muka rabu shi ne tsarin tukunya. Bahaushiya kome nata a tukunya ɗaya yake haɗuwa, romo da ganye da nama. Bayarbiya kuwa daban take dafa jar miya da namanta, daban take kaɗa ewedu, daban take yin gbegiri, watau miyar wake, sai a kwano za su gamu a kan amala, abin da suke kira abula. Yaran Sabo da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, da rana abula suke ci ba tare da wani ya tilasta musu ba, da dare su dawo ga tuwo. Haka nan na ga Yarbawa, direbobi da ma'aikata, zaune a bencin Hajiya suna shan taushe da waina. Manja ma ya shige miyar Sabo fiye da yadda ya shiga ta Kano, don nan ne gidansa, man gyaɗa da man shanu kuwa baƙi ne masu tsada. Wani dattijo da muka ci tare ya ce shi bai ga abin ƙi a nan ba, abin da ba zai lamunta ba shi ne a sa masa manja a miyar kuka.

Sai dai duk wannan tukunya a kan hanya ta dogara, hanyar kuwa ta haura kilomita 800. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa daga Arewa suke zuwa. Tumatir da tattasai na rani daga wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake kaiwa, da Ɗanja a Jihar Katsina. Albasa daga Aliero a Jihar Kebbi da ƙasar Sakkwato. Shanun da ake fasa ƙashinsu ma haka. Duka sai sun ƙetare Kwara, yawanci ta gadar Jabba, su bi Ilori da Ogbomosho da Oyo, kafin a sauke su a kasuwannin arewacin Badun. Kuma ba tukunyar Sabo kaɗai ba, jar miyar Bayarbiya ma da wannan tumatir ake yin ta. A 2016 da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, matan Badun sun ji a jikinsu kamar yadda matan Zariya suka ji.

Tsutsa daga Allah ce. Abin da ya fi ta ciwo shi ne wanda mutane suka jawo da hannunsu. A 1999 an yi rikici a kasuwar Bodija tsakanin Hausawa masu shanu da Yarbawa 'yan kasuwa, wanda bayansa aka mai da kara can Akinyele. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka yi na kasuwar Shasha, babbar matattarar tumatir da albasa ta Badun. Mafarinsa kayan miya ne. Wani ɗan dako ya zubar da tumatir a gaban shagon wata mata, cacar baki ta tashi, wani mai gyaran takalmi da ya shiga tsakani ya sha duka ya rasu, washegari kasuwa ta kama da wuta. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, gwamnoni huɗu daga Arewa suka zo jaje da sulhu. A ƙarshen watan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta hana motocin kaya gangarawa Kudu. Kwanaki kaɗan aka yi kafin a janye a farkon Maris, amma sun isa a ga abin da ya kamata a gani. A Badun da Ikko kuɗin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo, a Arewa kuwa kwandunan tumatir suka ruɓe a hannun manoman da suka ci bashi suka noma.

Wutar ba ta iso Sabo ba, domin Shasha tana can arewacin gari, bayan Ojoo. Amma masu gudu sun iso. Hajiya ta ce a makon nan ta ɗora tukunya ba don ciniki ba, mata da yara aka zube a zauruka da harabar masallaci, kowane gida ya kawo abin da yake da shi. Tumatir ba ya samuwa, nama ya yi wuya. Abin da ya fid da su kunya shi ne busassun kayan nan da 'yan zamani suke rainawa: kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, da ƙashin da aka tafasa aka sake tafasawa. Na tambaye ta ko ta yi tunanin komawa gida a lokacin. Ta ce, “Wane gidan? Nan aka yanke mini cibiya, nan aka binne uwata.” Masu zuga daga nesa a Facebook, na Kudu da na Arewa, waɗanda suke kiran a kori waɗancan ko a hana waɗannan abinci, ba su taɓa zama a irin wannan benci ba. Da sun zauna da sun ga ba a iya raba tukunyar nan biyu ba tare da an fasa ta ba.

Akwai kuma wani abokin gaba na yau da kullum da ba ya shiga jarida, watau laima. A Kano mace takan daka kuka ta zuba a tulu ta shekara tana ɗiba. A Badun, inda damina takan kama tun Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Kuka takan dunƙule ta dushe, korenta ya koma ruwan ƙasa, yauƙinta ya mutu. Daddawa takan yi hunhuna, busasshiyar kuɓewa ta yi laushi ta ƙi dakuwa. Don haka matan Sabo ba sa sayen mai yawa a lokaci guda, kuma duk ran da rana ta fito sosai za ka ga an baje trire da faifai a kan rufin kwano ana shanya. A gefe guda kuma laimar nan ita ce ta ba su ɗanyen ganye kusan duk shekara, alayyahu da lalo da shuwaka, a lokacin da 'yan'uwansu na Arewa suke jiran ruwa ya sauka. Shi ya sa miyar ganye ta fi yawa a Sabo fiye da yadda baƙo daga Katsina zai zata.

Saboda haka, mai karatu, in tafiya ta kama ka zuwa Badun kuma kana da wanda za ka sauka wajensa a Sabo, kada ka wahalar da kanka da neman turmin atamfa, Ikko tana kusa da su, sun fi ka samunta. Nemi sabuwar kuka wadda aka shanya a inuwa, korenta shar, da daddawar kalwa ta ainihi wadda ba a gauraya da waken suya ba, da kwalbar man shanu soyayye in da hali. Ka ɗaure kowanne a leda biyu, ka sa a gwangwani mai murfi, kada ka ɗora a saman mota inda ruwan Ogbomosho zai same shi. In ka isa ka miƙa wa yaro ya shiga da shi cikin gida. Tuwon Hajiya kuwa bayan sallar magariba ake saukewa, kuma kafin a kira isha'i taushen ya ƙare, sai kuka.